Kaska a Ɗakin Janar

Kusan duk wata sai wani uba ya tsaya a ƙofar shagona nan Ƙanƙara ya ce, "Malam Lawal, ga shi nan, ya gama makaranta shina zaman banza, ka nuna mashi allura." Shi kuma saurayin yana tsaye da waya a hannu, yana kallon sirinjin da ke kan tebur kallon wanda ya riga ya gama iyawa. A wurinku aikin dabbobi abu uku ne: a zuƙo ruwa, a soka, a sa hannu a aljihu. In dabba ta tashi kun zama dakta, in ta mutu kwananta ne ya ƙare. To tunda yau babu kasuwa, ku ajiye wayoyin nan ku ji labarin wani kare da aka kusa rasa mutum saboda shi.

Saniyar farko da na tsaya a kanta tana kwance ne a wata ruga bayan Tafoki. Maigidana Malam Mamman, wanda ya koya min aikin nan a Sabuwa, ya tambaye ni me ke damunta. Ina tsaye can nesa da farar rigata, wadda na sa don Fulani su san likita ya zo, na ce zazzaɓi ne. Ya dube ni ya ce, "Daga nan ka gano? Lalle idonka na da tsawo." Ya sa na cire rigar, na durƙusa cikin kashin shanu, na ɗaga leɓenta na duba dasashi, na cusa yatsa a kunne, na ɗaga wutsiya, na shafa hantsa, na sunsuna inda ta yi fitsari. Wata huɗu ina bin sa ina riƙe igiya bai bar ni na taɓa sirinji ba. Yakan ce dabba ba ta da bakin faɗa maka inda ke mata ciwo, don haka wanda ke ƙyamar taɓa ta ya je ya nemi aikin ofis.

Kayan aikinsa kaɗan ne, kuma da ya rasu ni aka bar wa. Sirinji na ƙarfe da gilashi wanda ake dafawa a tukunya, ma'aunin zafi, matsefata irin ta cire ƙaya, igiyoyi, sai wani tsohon madubin duba jini a cikin akwatin katako. Madubin ba ya son lantarki, hasken rana yake ɗauka. Kun sha yi masa dariya a nan kuna cewa na zamanin Turawa ne. Ku ci gaba da dariya, ranar da wayarku ta iya leƙa cikin ɗigon jini ku zo ku faɗa min.

Shekara da shekaru shanu ne abincina, sai tumaki da awaki. Ina bin kasuwar Yankara da ta Sabuwa a kan babur, Fulani na jira na a gindin bishiya. Sai aka shiga shekarar da ba na son tunawa. 'Yan bindiga suka kore garken da suka iya korewa, masu sauran shanu suka tattara suka bar yankin, hanyoyin rugage suka zama ba masu biyuwa ba. Na yi watanni ina buɗe shago in zauna ina korar ƙuda, magani yana lalacewa a kan kanta. A wannan shekarar ce masu kuɗi suka gano kare. Mutanen da a da in kare ya gifta ƙofar gidansu sai sun sa a jefe shi, su ne yanzu ke aikawa Kaduna da Jos a sayo musu karen Turawa da kuɗin da ya isa sayen bijimi. Ni ma da na ga yunwa ba ta san girma ba, na koma karatun kare da furfurata.

Alhaji Garba Mai Masara, babban dillalin hatsi a Faskari, shi ya sayo wanda ya fi na kowa. Baƙi ne mai jan ƙafafu, kansa kamar turmi, aka sa masa suna Janar. An gina masa ɗaki kusa da get, nesa da cikin gida, aka sa tayil a ƙasa, raga a taga, fanka a sama. Na san malaman firamare a garin da ba su da ɗaki irin wannan. Abincinsa a buhu ake kawowa daga birni. Yana da katin rigakafi mai hoto, yana da abin wuya na maganin kaska, kuma tun da ya shigo gidan bai taɓa taka ƙasar waje ba. Iyakarsa tsakar gida mai siminti.

Lokacin da aka kawo shi na je na yi tayin aiki. Babban ɗan Alhaji, Nura, wanda ya dawo daga jami'a yana kula da harkokin gidan, ya tarbe ni a get. Na ce masa duk mako a samu wani ya shafa karen nan da hannu, ya duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan ba saniya ba ce. Muna da likitanshi a Kaduna, ta waya muke magana." Na ce Allah ya ba da sa'a, na hau babur ɗina.

Abin da Nura bai faɗa ba, kuma kowa a Faskari ya sani, shi ne babu mai taɓa kare. Mun tashi an gaya mana ƙazanta ne, in ya shafe ka sai wanka da wanki. Alhaji na alfahari da Janar a majalisa, amma ko igiyarsa bai taɓa riƙewa ba. Abinci a faranti ake sa masa a tura da doguwar sanda ta ƙarƙashin ƙofa. Wanka kuwa da tiyo ake yi masa daga nesa, kamar ana wanke tirela. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma na san ruwa da sabulu ba su ƙare a Faskari ba. An kashe wa dabba dukiya, an ba ta komai, ban da hannun mutum.

Mai tura farantin shi ne maigadin gidan, Baba Ilu, dattijo ɗan Pauwa da ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙofar Alhaji. Mutum ne marar hayaniya, kullum da carbi da ƙaramar rediyo. Shi kaɗai Janar ke kaɗa wa wutsiya.

Wata Talata da hantsi, cikin tsakiyar damina, Nura ya kira ni. Ashe lambar likitan shanu tana nan a wayarsa. Ya ce in zo maza, an ba Janar guba, kuma ba magani suke nema ba, takarda suke so in rubuta in sa hannu cewa guba ce. Na tambaye shi ina likitan Kaduna. Ya ce shi ma da aka tura masa hoto ya ce zai iya zama guba, amma hanya ba ta da kyau, ba zai iya zuwa ba. Na ɗaure akwatin madubi a bayan babur na kama hanya.

Na tarar da ƙofar gidan cike da mutane. Alhaji na zaune a kan farar kujera, fuska a murtuke. Nura ya zayyana min lissafinsa, yana lanƙwasa yatsu. Baba Ilu ya je Pauwa suna makon jiya, Pauwa kuwa kowa ya san daji na kusa da ita. Ya dawo da kwana uku kare ya daina haushi. Kwana huɗu ke nan ba ya cin abinci, jiya ya fara fitsarin jini. An kuma ga Baba Ilu a bayan katanga yana waya ƙasa-ƙasa. "Mutanen daji ne suka ba shi ya zuba," in ji Nura. "Infoma ne. In kare ya mutu hanya ta buɗe."

Ku da kuka tashi a wannan yanki ba sai na yi muku bayanin kalmar nan ba. Wanda aka kira infoma ba a cika jiran alƙali a kansa ba. Tun da safe 'yan sintirin unguwa suka zo suka tafi da Baba Ilu ofishinsu, kuma shugabansu ya ce in takardar likita ta fito kafin la'asar, za su miƙa shi gaba. Ban tambayi ina ne gaba ba, don ba na son amsar. Abin da ya rage tsakanin dattijon nan da halaka shi ne birona.

Na ce a nuna min karen. Yana kwance a ƙuryar ɗakinsa a kan wasu buhuna, haƙarƙari na hawa da sauka, bakinsa duk ya yi ja. Na tsorata da jan, sai Nura ya ce manja ne. Shi ya ɗura masa manja da madara ta cikin gorar roba daga bakin ƙofa, wai maganin guba, ya gani a waya. Rabin manjan a bango ya ƙare.

"Wa zai riƙe min shi?" na tambaya.

Samari shida ne a tsaye, duk suka shiga kallon sama. Nura ya ce ya yi alwala. Na ce ƙarfe goma na safe? Ya ce ta walaha ce.

Na juya wurin Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, kare mai wannan girman ko yana gargara ba na sa hannu a bakinsa sai wanda ya sani yana riƙe da kansa. In ba a kawo Baba Ilu ba, babu dubawa, in babu dubawa babu takarda." Gaskiya ina da igiyar ɗaure baki, kuma karen ko ƙuda ba zai iya kora ba a ranar. So nake dattijon ya fito daga ɗakin da aka kulle shi ya zo inda idon jama'a yake. Alhaji ya yi tsaki, ya ce a je a zo da shi.

Suka kawo shi hannu a ɗaure da igiyar akuya, hularsa babu, leɓensa na ƙasa a kumbure. Shugaban 'yan sintirin, wani dogo mai layu a damtse, yana biye da shi. Na ce a kwance shi. Baba Ilu ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi ɗiyata nike kira, mijinta ba shi da lahiya." Na ce ya bar wannan tukuna, ya zauna ya ɗora kan karen a cinyarsa. Shekara guda yana ciyar da Janar bai taɓa shafa gashinsa ba. Sai ya ce bismillah, ya zauna a tayil, ya tallabo kan. Karen ya buɗe ido ya motsa wutsiya sau ɗaya.

Yanzu ku saurara, don nan aikin yake. Na sa ma'auni, zafi ya haura arba'in. Guba irin wadda ake samu a kasuwanninmu, ta ɓera ko ta feshin gona, ba ta cika jan kwana huɗu tana dafa dabba da zazzaɓi ba. Kumfa take kawowa, da amai, da karkarwa, kafin yini ta gama aikinta. Na goge manjan na ɗaga leɓe, dasashin fari fat kamar an ɓare rogo. Farin idon ya fara rawaya. Na latsa ciki ta hagu na ji saifa ta kumbura. Fitsarin da ke ƙasa kuwa ba jini ne ja ba, kalar shayi ne da ya daɗe a wuta. Wannan dabba ce da wani abu ke fasa mata jini daga ciki.

Na naɗe kunnen dama na juya shi waje, na ce Alhaji ya matso. Bai matso ba, amma ya miƙo wuya. Kaska ce jere a cikin lungun kunnen, manya sun ƙoshi sun yi toka-toka, ƙanana jajaye suna bin gefensu. Na buɗe tsakanin yatsun ƙafa, nan ma haka. Na ɗaga abin wuyan maganin kaskar, a ƙarƙashinsa ma suna nan sun yi layi cikin inuwa. Na tambayi yaushe aka sa masa shi. Nura ya ce da shi aka sayo shi. Abin da ƙarfinsa ba ya wuce 'yan watanni, shi suka bar wa gadin kare shekara guda.

"Ba zai yiwu ba," in ji Nura. "Karen da ba ya fita? Kaskar ta ina za ta shigo, ta get? Duk wata ana feshi a gidan nan."

"A ina ake feshin?"

"Cikin gida da lambatu."

"Ɗakin kare fa?"

Ya ce mai feshin ba ya shiga, tsoro yake ji.

Shugaban 'yan sintiri ya sa baki ya ce, "Malam, karnukan ƙauye duka da kaska suke yawo, ba su mutu ba. Kaska daban, guba daban." Tambaya ce mai kyau, ta fi duk abin da mai digirin ya faɗa tun safe. Na ce masa karen ƙauye tun yana ɗan kwikwiyo ake cizonsa, wanda zai mutu ya mutu tun lokacin, wanda ya rage jikinsa ya saba. Shi kuwa Janar ɗan gata ne, jininsa bai taɓa haɗuwa da cutar ba, shi ya sa ta same shi ta yi masa kamun kazar kuku. Kaskar kanta ba ita ke kisa ba, abin da take ɗaukowa daga jinin wani kare ta zuba a nasa shi ne matsalar, kamar yadda sauro ke yi mana. Ya ce shi bai yarda da abin da bai gani ba. Na ce madalla, ni ma haka.

Na tsaga bakin kunnen da allura na ɗauki ɗigo ɗaya, na shafa a gilashi siriri, na bar shi ya bushe, na zuba ruwan shuɗi na rini. Sai an jira kusan rabin awa kafin ya kama. Na zauna ina cire kaska da matsefata ɗaya bayan ɗaya, ina kamawa daga kai don kada bakin ya karye a fata, ina jefawa a kwalbar kananzir. Baba Ilu na riƙe da kan kare, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ni ma ba a natse nake ba, domin wani lokaci cutar tana nan amma ba ta fito a gilashi, kuma in ba ta fito ba bakina kaɗai ba zai ishi mutanen nan ba.

Na kafa madubin a kan benci inda rana ke bugawa, na juya shi har haske ya shigo. Na daɗe ina nema. Can a gefen gilashin na gan su, biyu-biyu a cikin ƙwayar jini, kamar 'ya'yan kankana da suka haɗa kai. Na ce alhamdu lillahi a fili. Na kira shugaban sintiri ya leƙa. Ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce duhu yake gani. Da aka gyara masa ya ce yana ganin kwabbai. Na ce ya duba kwabon tsakiya, me ke cikinsa? Ya ce, "Akwai wasu abu biyu." Na ce to su ne masu laifin da kake nema, sai dai igiyarka ta yi musu girma.

Nura ya leƙa ya daɗe, ya ɗago ya ce ko ma haka ne, wani ne ya shigo da kaskar. Baba Ilu ya je ƙauye, ƙila a jikinsa ya kwaso ta. Ka ji mutumin da ya shafa wa dattijo kashin kaji tun safe, yanzu yana neman inda zai goge hannunsa. Na ce daga cizo zuwa kwanciya cutar nan tana ɗaukar mako biyu ko fiye, kuma kaskar da ke kunnen nan uwa ce da 'ya'ya da jikoki, ba baƙin makon jiya ba ne.

Muka ɗaga karen gefe, na jawo buhunan da yake kwance a kai. Tsofaffin buhunan algarara ne guda biyar, irin na igiya. Na fito da ɗaya tsakar gida na kakkaɓe shi a kan siminti. Suka zubo, suka fara tafiya ta ko'ina, samarin da ke tsaye suka yi tsalle baya suna kakkaɓe wanduna. Na buɗe ɗinkin bakin buhun na nuna musu ƙwai cunkus. A bayan ƙofar ɗakin, inda siminti ya tsage, wasu na hawa bango a layi. Irin wannan kaskar ba ta bukatar daji ko ciyawa. A ba ta kare ɗaya da tsagar bango ɗaya, ta zauna gidan har ta ga tattaɓa kunne.

"Wa ya kawo buhunan nan?" na tambaya.

Shugaban sintiri ya dubi Baba Ilu, Baba Ilu ya dubi ƙasa. Ya san amsar, amma shekara goma sha ɗaya na cin tuwon gida ta hana shi buɗe baki, ko da wuyansa ne a bakin wuƙa. Can sai Alhaji ya gyara murya ya ce, "Ni na sa direba ya kawo su. Da aka fara marka na ga tayil ɗin ya yi sanyi, na ce a ɗebo mashi daga sitona na Yankara."

Na san siton. Duk ranar kasuwa a gabansa nake ajiye babur. Tsofaffin buhuna a baranda ake tara su, kuma karnukan kasuwa a kansu suke kwana, har wata karya na taɓa gani ta haihu a wurin. An yi katanga mai tsawon mutum biyu, an sa waya mai ƙaya a sama, an sa raga a taga, sannan maigida da kansa ya aika mota ta ɗauko cutar ta kawo har shimfiɗa. Don tausayi ya yi, ban ce ba. Da akwai mai shiga ɗakin ya kaɗe shimfiɗar ko sau ɗaya a mako, da tuni an gani.

Maganin ba wani abin mamaki ba ne, garin rawaya ne da muke yi wa shanu na cutar sammore. Amma ku buɗe kunne, don nan ne irinku ke kashe dabbobin mutane. Saniya tana ɗaukar kuskure, kare ba ya ɗauka. In ka ƙara masa kaɗan a kan nauyinsa maganin zai hau kansa, ya yi ta juyi har ya mutu. Wani saurayi a Sabuwa ya taɓa kimanta karen wani da ido ya ba shi adadin ɗan maraƙi, ya kuma ƙara washegari don ya ji daɗin aikinsa. Da aka binne karen ya ce maita ce. Don haka na sa aka fito da sikelin masara na Alhaji, Baba Ilu ya rungumi Janar ya hau, ya sauka ya hau shi kaɗai, na cire nauyinsa daga na farko. Na auna na yi allura ɗaya tak. Na rubuta maganin ƙarin jini, na ce a dafa masa hanta, a ƙone buhunan, a fesa ɗakin har cikin tsagar bango a sake bayan mako biyu, a toshe tsagar da siminti.

Nura ya tambaya ko zan rubuta takarda. Na rubuta, na sa hannu, na miƙa wa shugaban sintiri: cutar jini ta kaska, babu alamar guba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa Baba Ilu ya yi haƙuri, aiki ne ya biyo ta haka. Alhaji ya ce, "To ai shi ke nan, dama bincike ne. Ilu, koma bakin aikinka." Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan. Baba Ilu ya je famfo ya wanke hannu da fuska, ya shiga ɗakin gadi ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki rediyo da buta, ya fita ta get ɗin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana buɗe wa wasu. Ban ga wanda ya ce masa ya tsaya ba.

Janar ya ci hanta a kwana na biyu, a na biyar ya yi haushin da ya tashi unguwa. Alhaji ya shiga yabona a majalisa, wai ashe likitan shanu ma ya san wani abu. Sai dai sabon maigadin da aka ɗauka ya rantse ba zai sa yatsa a kunnen kare ba ko za a ninka masa albashi, Nura kuma kullum yana da alwala. Bayan mako uku, da Alhaji ya ji zan je Pauwa rigakafin awaki, ya ce in biya in ce wa Ilu ya dawo, komai ya wuce.

Na same shi a gonarsa shi kaɗai yana noman masara da ciyawa ta kusa cinyewa. Matarsa ce ta gaya min abin da ya faru. Labarin kamun ya iso Pauwa ta waya tun kafin azahar ɗin ranar, labarin kaska kuwa babu wanda ya ɗauko shi. Da ya dawo ya kira gayya kamar yadda ya saba duk shekara, aka dafa tuwo tukunya biyu, mutum uku suka zo. In ya zauna a majalisa sai hira ta mutu, mutane su fara tuna suna da aiki a gida.

Raina ya ɓaci. Na je wurin mai unguwa na sa ya tara mutane bayan la'asar, na fito da kwalbar kananzir ɗin da kaskar Janar a ciki, na yi musu bayani tun daga buhu har sikeli. Suka karɓi kwalbar suna miƙa wa juna, suna girgiza kai, suna cewa Allah ya kyauta. Na ɗauka na gama aiki. Ina ɗaure kaya sai na ji wani a bayana yana ce wa na kusa da shi, "To amma duk mutanen gidan, don me shi aka kama?"

Na koma gona na isar da saƙon Alhaji, don amana ce. Baba Ilu ya dogara da fartanya yana saurare har na gama. Ya tambayi lafiyar karen, na ce ya warke sarai.

"Allura nawa ka yi mashi, Malam?"

Na ce ɗaya.

Ya gyaɗa kai, ya dubi hanyar gari inda mutane ke wucewa ba mai ɗaga masa hannu.

"To ni fa, wace iri za ka yi mani?"

Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, babu irin wannan allurar a akwatina. Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa.